Babi na Shida: Rahoton Ci Gaban Aiki Tsakanin Takardar Zane da Shagon Mai Walda

Karatun digirin injiniya a jami'o'in Nijeriya shekara biyar ne, kuma a shekarar ƙarshe ake ɗora wa ɗalibi, shi kaɗai ko cikin ƙaramin rukuni, aikin ƙirƙira wanda ɗalibai ke kira furojet, wato ya zaɓi wata matsala ta zahiri, ya tsara na'urar da za ta warware ta bisa lissafi, ya ƙera ta, ya gwada ta, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya yi a zaman da aka fi sani da difens. Haka abin yake a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1984, kafin ta sake cin gashin kanta a 1988 da sunan da take amsawa yanzu. Haka kuma yake, da ɗan bambancin zurfi, ga masu neman babbar difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, wadda aka kafa a 1979. Daga ranar da aka amince da taken aiki zuwa ranar difens watanni ne masu yawa, waɗanda a cikinsu malami mai duba aikin, wato sufabaiza, ba ya ganin abin da ke gudana da idonsa sai jefi-jefi. Rahoton ci gaban aiki shi ne gajeren rubutun da ɗalibi ke miƙa masa a kan kari, ko mako bibbiyu ko wata-wata, domin ya san inda aka kwana, da abin da ya sauya daga tsarin farko, da shawarar da ake jira daga bakinsa.

Wajibi ne tun farko a raba wannan rubutu da wasu guda biyu da ake yawan cakuɗa shi da su. Na farko shi ne logbuk, littafin da ɗalibi ke cikawa a lokacin horon sanin makamar aiki na SIWES, shirin da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971 kuma hedkwatarsa ke Jos, ya ɓullo da shi a 1973. A logbuk ɗalibi baƙo ne a wurin aikin wasu, saboda haka abin da ake nema gare shi shi ne ya jera abin da ya gani da abin da aka sa shi kullum, shugaban wurin ya sa hannu a ƙarshen mako. Matsalar ita ce ɗalibin da ya shafe kusan wata shida a shekararsa ta huɗu yana irin wannan jeri yakan dawo da ɗabi'ar cikin furojet, sai ya cika shafi da cewa an je kasuwa, an ga mai walda, an karanta takardu, alhali babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke gaya wa malami ko aikin na gaba da jadawalinsa ko yana baya. Na biyu shi ne kundin ƙarshe, wanda ake ɗinkewa da bango mai kauri a ajiye a sashe, kuma shi labarin aikin ne bayan an share masa ƙura, an miƙe masa duk wata karkata. Rahoton ci gaba yana tsakanin su biyun, ana rubuta shi ƙurar ba ta kwanta ba, kuma amfaninsa duka yana cikin karkatar da kundin ƙarshe zai ɓoye.

Dalilin da ya sa karkata ta zama dole a aikin ɗalibin Bauchi shi ne, wurin da ake zana na'ura daban, wurin da ake ƙera ta daban. Ana yin lissafi da zane a harabar jami'ar ta Yelwa ko ta Gubi, ko a kwalejin Gwallameji, a kan kwamfuta, da Turanci, da ma'aunin milimita. Amma yawancin yanka da lanƙwasa da walda, saboda layin jiran injinan makaranta da rashin tabbas na wutar lantarki da kuma ƙurewar lokaci, kan koma hannun masu sana'a na cikin gari, a rumfunan bakin titi na unguwanni irin su Ƙofar Wambai. Wannan suna na ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar birnin da Sarki Yakubu ya kafa wajen 1809 ne, kuma yau ya zama sunan unguwar da ke kewaye da wurin. Mai waldan da ɗalibi zai samu a irin wannan wuri ya koyi aikinsa ne a hannun maigidansa tun yana yaro, yana auna da inci da tef da kuma ido, yana ciniki da Hausa, ya kuma san halin ƙarfen da ke kasuwa fiye da yadda littafi ya san shi. Ba a cika yi masa adalci a rubuce-rubucen ɗalibai ba, inda sau da yawa ko ambatonsa ba a yi, ko da yake rabin shawarwarin da suka sa na'urar ta tsaya da ƙafarta daga wurinsa suka fito. Sai dai shi burinsa abu ya yi aiki ya kuma yi ƙwari, ba ruwansa da ko ya dace da lissafin da ke babi na uku na kundin wani, don haka duk gyaran da ya kawo, mai kyau ne ko maras kyau, yana iya raba na'urar da takardarta ba tare da kowa ya lura ba.

A ɗauka, domin misali, rukunin ɗalibai ne ke ƙera injin ɓare gyaɗa, wanda yake cikin ayyukan da aka saba bayarwa a sassan injiniyan noma da na kanikanci. Injin yana da mazubi a sama, da ganga mai juyawa wadda ke murza gyaɗa a jikin raga, da fanka mai hure ɓawo, da mota ta lantarki da ke juya gangar ta hanyar bel da fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a kansa. Mota mai aiki da wutar Nijeriya, irin wadda aka fi samu, tana juyawa kusan sau 1,440 a minti ɗaya, kuma idan ɗalibai suka sa mata fuli mai faɗin milimita 75, suka sa wa gangar mai faɗin milimita 300, to gangar za ta juya sau 360 a minti, domin gudun yana raguwa ne daidai da yadda babban fuli ya ninka ƙaramin. Da aka je saye sai ba a sami mai 300 ba, aka sami mai 250, mai walda kuma ya ce zai yi, kuma gaskiya ya faɗa, domin injin zai tashi ya ɓare gyaɗa. Amma yanzu gangar tana juyawa sau 432 a minti, ƙarin kashi 20 cikin ɗari ke nan, kuma sanannen abu ne a irin wannan inji cewa ƙarin gudu na ƙara yawan ƙwayar da ke farfashewa. Idan ba a rubuta wannan sauyi a makon da ya faru ba, bayan wata uku ɗalibai za su tarar gwajinsu na nuna fashewa fiye da yadda suka yi hasashe, su kuma shiga ɗora laifin a kan tazarar da ke tsakanin ganga da raga ko a kan bushewar gyaɗar, alhali kundinsu na nan yana cewa 360.

Irin wannan ne kuma batun sandar da ke ɗauke da gangar, wadda ake kira shaf. Zane ya ce kaurinta milimita 25, domin ta shiga boris mai lamba 6205 wanda faɗin raminsa ke nan daidai. A kasuwa kuwa rodin da za a miƙo wa ɗalibi mai inci ɗaya ne, inci ɗaya kuma milimita 25.4 ne. Wannan ɗan bambanci da ido ba ya gani ya isa ya hana sandar shiga, sai an kai ta wurin mai injin fiƙe ƙarfe ya rage ta, wanda ke nufin ƙarin kuɗi da ƙarin kwanaki, ko kuma a goge ta da giranda a buga boris da guduma, wanda ke nufin inji mai karkarwa da boris mai mutuwa da wuri. Rahoto mai amfani zai faɗi wannan cikin jimla uku ko huɗu: abin da zane ya ce, abin da aka samu, hanyar da aka bi da dalilinta, da abin da sauyin ya taɓa a lissafi da kuɗi da lokaci. Zai kuma faɗi wanda ya yanke shawarar, ko ɗalibai ne, ko mai walda ne ya yi gaban kansa aka tarar, ko kuwa ana jiran malam ya zaɓa. Hausawa na cewa tun ran gini ran zane, kuma a nan maganar ta hau daidai, domin sauyin da ba a rubuta ranar da aka yi shi ba, ƙwaƙwalwa za ta sake masa kama kafin a zo rubuta kundi.

Mai karatu na iya ganin an tsananta a kan fuli ɗaya na injin gyaɗa, amma ɗabi'ar da ake son dasawa ita ce dai wadda rashinta ya jawo ɗaya daga cikin manyan haɗurran gini a tarihin Amurka. A ranar 17 ga Yuli, 1981, wasu gadojin tafiya biyu da aka rataya a zauren otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas suka rufto a kan jama'a, mutum 114 suka rasu. Zanen asali ya tanadi doguwar sanda ɗaya ta sauko daga rufi ta ɗauki gadar sama da ta ƙasa, kowacce da notinta. Sai kamfanin da ke haɗa ƙarafan ya ga hakan zai yi wuyar aiwatarwa, ya raba sandar gida biyu, ta yadda gadar ƙasa ta koma tana rataye a jikin ta sama. Wannan sauyi ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama, takardun sauyin kuma suka wuce ta ofishin injiniyoyi aka amince da su ba tare da an sake lissafi ba, abin da daga baya ya sa aka ƙwace lasisin injiniyoyin da ke da alhakin aikin. Maƙerin ya kawo gyara ne don sauƙin aiki, kamar yadda mai walda na Ƙofar Wambai zai kawo, kuma kawo gyaran ba laifi ba ne; laifin yana wurin wanda ya san lissafi bai koma kansa ba.

Abin da ya fi hana ɗalibi rubuta gaskiya a rahotonsa, duk da haka, ya fi kusa da tarbiyya fiye da fasaha. Bahaushe ya tashi da sanin cewa idan babba ya tambaye shi yaya aiki, amsar ita ce da godiya, ko da aikin ya tsaya cik, kuma idan aka ce ina gajiya sai ya ce babu gajiya ko da ƙafarsa ba ta ɗaukarsa. Wannan kyakkyawar al'ada ce a gaisuwa, amma ɗalibi kan shigo da ita cikin rahoto, sai takardar ta zama doguwar gaisuwa: ana kan aiki, komai na tafiya daidai, saura kaɗan, ranka ya daɗe. Ga kuma kunyar malami da tsoron kada a ce ya gaza, ga zaton cewa kawo matsala zai rage maki. Masu kula da manyan ayyuka sun daɗe da sanin wata cuta mai kama da wannan, inda aiki kan yi saurin kaiwa kashi 90 cikin ɗari a bakin masu yinsa, sannan ya zauna a wurin har tsawon lokacin da ya kai wanda aka ɗauka kafin a iso nan. Maganinta shi ne a daina auna ci gaba da kaso na zato, a koma auna shi da abin da za a iya nunawa, kamar a ce an gama walda firam an kuma auna shi ya yi daidai da zane, ko a ce an ɗora ganga amma ba a juya ta da mota ba tukuna. Matsalar da aka faɗa a wata na biyu malami na iya warware ta da kiran waya ɗaya ko da rage faɗin aikin, amma wadda aka ɓoye har makon difens ba ta da sauran magani, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Domin rahoto ya iya cewa aiki na gaba ko baya, sai da jadawalin da za a gwada shi da shi. Wanda aka fi amfani da shi shi ne taswirar Gantt, mai ɗauke da sunan injiniyan Amurka Henry Gantt wanda ya yaɗa ta a shekarun 1910, inda ake jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, makonni daga hagu zuwa dama, a ja wa kowane aiki layi gwargwadon tsawon lokacinsa. Kusan kowane ɗalibi kan saka ta a takardar neman amincewa da take, kaɗan ne kuma ke sake dubanta. Abin da ya fi ta muhimmanci shi ne fahimtar da aka tsara a ƙarshen shekarun 1950 a kamfanin DuPont, cewa a cikin kowane aiki akwai jerin matakai da ke dogare da juna waɗanda jinkirin kwana ɗaya a cikinsu jinkirin kwana ɗaya ne ga aikin duka, akwai kuma waɗanda za su iya jira ba tare da wata illa ba. A injin gyaɗa, fentin firam na iya jira, amma shaf ba ya jira, domin sai da shi za a ɗora ganga, sai da ganga za a yi gwaji, sai da gwaji za a rubuta babi na huɗu. Rahoton da ya ba fenti da shaf matsayi ɗaya bai taimaki kowa ba.

Jadawali a Bauchi yana da wasu abokan gaba da littattafan waje ba su san su ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kuma ɗaliban da suka dawo bayansa, wanda ke da rubutattun rahotanni ya san daga inda zai ɗora, wanda ba shi da su kuwa sai ya koma tambayar mai walda abin da aka yi. Yanayi ma yana shiga lissafi. Na'urar busar da tumatir ko barkono da hasken rana, wadda ita ma ake yawan bayarwa, idan aka tsara gwada ta a watan Maris mai zafin rana, jinkiri ya tura gwajin zuwa Agusta lokacin da damina ta kankama sama ta lulluɓe da gajimare, sakamakon zai bambanta ƙwarai ko da ba a taɓa ko kusa ɗaya a jikinta ba. Gyaɗa kuma tana da lokacin da take wadace bayan kaka, kuma ɗanshinta na sauya yadda take ɓaruwa. Saboda haka kowane gwaji da aka ambata a rahoto ya zo da kwanan watansa, da nauyin abin da aka zuba, da yanayin da aka yi shi, da adadin maimaicinsa, domin gwaji ɗaya tilo bai isa a gina hukunci a kansa ba.

Batun kuɗi gajere ne amma ba a tsallake shi. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, farashin ƙarfe da mota da kayan lantarki da ake shigowa da su ya tashi ta yadda kasafin da aka rubuta a farkon zango kan tsufa kafin ƙarshensa. Layi uku sun wadatar a kowane rahoto: abin da aka ƙiyasta, abin da aka kashe zuwa yau haɗe da kafin alƙalamin da aka ba mai aiki, da abin da ya rage a hannu. Inda babu rasit, kamar yadda yake a wurin 'yan gwangwan da ɗalibai kan je neman tsohuwar mota mai rahusa, a rubuta a littafi nan take mutum biyu su sa hannu, domin yawancin rigingimun rukuni daga kuɗin karo-karo suke tasowa.

Game da siffar rahoton kuwa, shafi ɗaya ko biyu ya isa, kuma sakin layi na farko shi ne ya kamata ya ɗauki nauyin duka, ta yadda malamin da ke duba ɗalibai da yawa, idan bai karanta komai ba sai shi, zai san ko aikin na kan lokaci, mene ne babbar matsalarsa, kuma me ake so ya yi kafin wace rana. Hoton waya na da amfani idan an ajiye tef ko rula kusa da abin da aka ɗauka, in ba haka ba ado ne kawai. A aikin rukuni a ambaci sunan wanda ya yi kowane abu, domin kalmar "mun yi" ta daɗe tana rufa wa malalaci asiri tana kuma danne haƙƙin mai ƙoƙari. Tunda tattaunawa da mai walda da Hausa ake yinta rahoto kuma da Turanci, yana da kyau a riƙe kwafin zane ɗaya a shagon, a riƙa gyara ma'auni a kansa da biro a gaban mai aikin, a sa kwanan wata, sannan a liƙa hotonsa a rahoto na gaba, ta yadda ba za a dogara da fassarar da aka yi daga ka bayan kwana goma ba.

Duk wannan ba zai tsaya ba idan ɗaya ɓangaren, wato malamai da sassan injiniya, bai riƙe nasa ba. Hukumar COREN, wadda doka mai lamba 55 ta 1970 ta kafa domin tsara aikin injiniya a Nijeriya, ita ke tantance kwasa-kwasan injiniya, kuma a 2023 ta sami karɓuwa ta wucin gadi a yarjejeniyar Washington, wadda tun 1989 ƙasashe ke amincewa da digirin injiniyan junansu a ƙarƙashinta. Tsarin da yarjejeniyar ke bi yana neman hujja cewa wanda ya kammala karatu ya iya sadarwa, ya iya aiki cikin rukuni, ya kuma iya tafiyar da aiki da kuɗinsa, kuma babu takardar da ke nuna waɗannan ukun a wuri ɗaya kamar jerin rahotannin ci gaba na furojet. Amma ɗalibin da ya miƙa rahoto sau biyu bai ji amsa ba, ko ya faɗi matsala aka yi masa faɗa a gaban 'yan'uwansa, ba zai sake rubuta komai ba sai gaisuwa. Ya kamata sassan injiniya na Bauchi su ware wa waɗannan rahotanni wani kaso bayyananne na makin furojet, su sa malami ya mayar da amsa a rubuce cikin mako guda, su kuma buƙaci a ɗinke rahotannin duka a bayan kundin ƙarshe, haɗe da zanen shago mai gyaran biro da sunan sana'ar wanda ya yi waldar, domin masu zaman difens su gwada na'urar da ke gabansu da takardar da ke hannunsu.